Ɗan Fansho da Bazarar Sakkwato

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan shuka, wanda sau da yawa ba ya zuwa da gaske sai an shiga watan Yuni, Sakkwato tana cikin lokacin da ya fi kowane tsanani a shekara. Hunturu ya tafi da sanyinsa da hazonsa, damina ba ta iso ba, ma'aunin zafi yana wuce 40 kusan kullum, wasu ranakun na Afrilu ma ya kai 44 ko 45, iskar azahar kuwa sai dai ta ƙara wa mutum ƙuna. Kowa yana jin bazara a jikinsa, amma nauyinta ba ɗaya ba ne a kan kowa. Mai ofis yana da na'urar sanyaya ɗaki, matashi yana da ƙarfin jiki, ɗan kasuwa yana da cinikin da zai sayi ƙanƙara da shi. Tsohon ma'aikacin da ya ajiye aiki shi ne wanda zafin ke samu ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A ganina duk wanda yake son sanin matsayin ɗan fansho a wurin hukuma da wurin al'umma, ya duba yadda yake kwana da yini a cikin waɗannan makonni, domin a nan ne ake gane cewa mun mayar da mai bin mu bashi kamar mai roƙonmu, mun kuma ajiye mai ilmi a gefe tun yana da sauran amfani.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, tsohon shugaban makarantar firamare, wanda yaran da ya koyar a yau wasu likitoci ne, wasu alƙalai, wasu kuma su ne ke sa hannu a kan takardun da yake jira. Yininsa na bazara yana farawa tun kafin kiran sallar asuba, don a tsakar gida yake kwana, ɗaki ba ya shiguwa, kuma barcin da ake samu na kirki shi ne na ƙarshen dare lokacin da bango ya gama fitar da zafin da ya sha da rana. Idan ya dawo daga masallaci sai ya zauna da Alƙur'aninsa har gari ya waye, ya kunna rediyo ya ji labaran duniya, sannan ya tsaya a ƙofar gida yana jiran mai garuwa, saboda wanda bai tare shi da sassafe ba zai sayi ruwan da tsada da hantsi, ko ya rasa gaba ɗaya. Duk wata hidima da ke buƙatar tafiya, gaisuwar mara lafiya ce ko ta'aziyya ko zuwa kasuwa, yana ƙoƙarin gama ta kafin ƙarfe goma. Bayan wannan lokaci titi ba na mai shekara saba'in ba ne.

Daga nan sai majalisa. A gindin wani dogon yaro suke zama, shi da wasu tsofaffin ma'aikata: wani ya yi aikin malamin asibiti, wani aikin gona, wani direban ma'aikata ne, wani kuma akawun kotu. Tabarmarsu ba ta yini wuri ɗaya, domin da safe tana yamma da itacen, da azahar tana manne da gindinsa, da la'asar kuma an ja ta gabas, kullum ana bin inuwa. Kowa da maficinsa, akwai kuma buta da ƙaramin tulu da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu don ruwan ya yi sanyi. Abin da na fi lura da shi shi ne wayoyinsu. Idan wata ya kai ashirin da biyar, wayar kowane ɗaya tana kan cinyarsa, kuma da zarar ta ɗaya ta yi ƙara sai hira ta tsaya cak, kowa ya zuba masa ido har ya sa tabarau ya karanta. In saƙon banki ne sai fuskoki su saki, a fara lissafin wa za a fara biya tsakanin mai shago da mai magani. In kuwa tallar kamfanin waya ce sai ya mayar da ita aljihu, a ci gaba da maganar da ake yi. Mai wucewa a mota zai ce hutawa suke yi, alhali rabin zaman nan jira ne.

Ya kamata a fahimci cewa zafi ga tsoho matsalar lafiya ce kai tsaye. Jikin mai shekaru ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar na yaro, kuma ba ya fitar da gumi yadda zai sanyaya kansa sosai, saboda haka ruwan jikinsa yana iya ƙarewa bai ankara ba. Da yawa daga cikin waɗannan dattawa suna fama da hawan jini, wasu magungunan hawan jinin kuwa suna sa yawan fitsari, wanda ke ƙara tsotse ruwan jiki. Mai ciwon suga da ke yi wa kansa allura yana buƙatar wuri mai sanyi da zai ajiye ta, zafi kuma yana rage mata ƙarfi, ga shi wutar lantarki ta fi yin wuya daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Bazara ce kuma lokacin sanƙarau a wannan yanki namu, kuma duk wanda ya kai shekara hamsin yana tuna annobar 1996 wadda ta hallaka mutum fiye da 11,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a Arewa. Tsohon malamin asibitin da ke cikin majalisar nan yana cikin waɗanda suka yi ta yawo ƙauyuka da allura a wancan lokaci, yau kuma shi ne ke raba ƙwayar maganinsa biyu don ta kai shi ƙarshen wata.

Gidajen ma sun sauya. Ginin ƙasa na da, mai kaurin bango da rufin azara, yana jinkirta shigar zafi, zaure kuma yana ba mai gida wurin zama mai iska. Ma'aikacin da ya tara ɗan abin da ya tara ya gina gida a Mabera ko Arkilla ko Gidan Igwai, da bulo da kwano ya gina shi, bisa zaton cewa za a riƙa samun wutar da za ta juya fanka. Idan babu wuta irin wannan ɗaki ba ya zaunuwa daga hantsi har tsakar dare. Janareta yana son fetur, fetur kuwa tun da aka cire tallafi a ƙarshen watan Mayu na 2023 ya tashi daga ƙasa da naira 200 har ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Na'urar sola tana maganin matsalar, amma kuɗinta na tashi ɗaya ne, kuma da kuɗin sallama ake irin wannan sayayya, wanda mutane da yawa ke shekaru suna jira. Ruwa ma haka. Birnin yana dogara ƙwarai da kogin Rima da madatsar Goronyo, kuma ba a manta da bazarar 2018 ba, lokacin da ruwan madatsar ya ja baya har hankalin kowa ya tashi. Duk lokacin da famfo ya ƙafe, abin da ake kashewa a kan garuwa daga cikin fanshon nan yake fita.

Wannan duk a kan maza ne da ake gani a waje. Tsohuwar malamar makaranta ko ungozomar asibiti da ta yi ritaya ba ta da gindin itace. A cikin gida take yini, kusa da murhu, sau da yawa da jikoki a hannunta, wata kuma mijin ya rasu ita ce ke riƙe da gidan gaba ɗaya. Ba a jin kokenta domin ba ta zuwa inda ake yin koke.

Maganar kuɗin ita ce ginshiƙi, kuma tarihinta a bayyane yake. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, wanda shi ma malamin makaranta ne daga wannan jiha, aka sa mafi ƙarancin albashi naira 125, a lokacin da naira ta fi dalar Amurka daraja. Ya koma naira 18,000 a 2011, sannan 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. Ma'aikacin da ke bakin aiki yana da ƙungiyar ƙwadago da yajin aiki, don haka duk lokacin da tsada ta yi yawa yana da hanyar matsa wa gwamnati. Ɗan fansho ba shi da aikin da zai janye. An lissafa fanshonsa ne a kan albashin ranar da ya bar aiki, kuma idan ba a sake duba shi ba, a nan zai tsaya yayin da farashin gero da magani da kuɗin kabu-kabu ke ta hawa. A shekarar 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Wanda ya bar aiki shekara goma sha biyar da suka wuce, aka kuma bar shi a kan lissafin wancan lokaci, an rage masa fansho ne a zahiri, ko da lambar da ke kan takarda ba ta sauya ba.

Doka kuwa ba ta yi shiru ba. Sashe na 210 na tsarin mulkin 1999 ya yi magana a kan 'yan fanshon jihohi, sashe na 173 kuma a kan na tarayya, kuma dukansu sun ce a sake duba fansho duk bayan shekara biyar, ko kuma tare da duk wani ƙarin albashi da aka yi wa ma'aikata, duk wanda ya riga zuwa. Sun kuma hana a riƙe wa mutum haƙƙinsa ko a sauya shi ta yadda zai cutu, sai bisa abin da doka ta yarda. A 2004 gwamnatin tarayya ta kawo tsarin adashen fansho, aka gyara shi a 2014 ta yadda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10, amma kowace jiha ita ke yin dokarta, kuma a jihohi da dama na ƙasar nan bashin kuɗin sallama ya taru shekara da shekaru. Ko a tsohon tsari ko a sabo, asalin abin ɗaya ne: ma'aikaci ya karɓi albashi kaɗan na tsawon shekara 35, ko har ya cika shekara 60, bisa alkawarin cewa an ajiye masa saura. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji an biya wani kaso na bashin fansho ana ta shelar godiya kamar an yi kyauta. Dattijon nan na unguwarmu ya taɓa ce mini da harshensa na Sakkwatanci, “Ɗana, mu ba sadaka muka biɗa ba. Guminmu na, shi munka bari hannunsu.”

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tantancewa. Na taɓa raka shi wata tantancewa da aka kira a cikin watan Afrilu. An ce kowa ya zo da takardar ɗaukar aiki, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da ta barin aiki, da hoto. Tun da sassafe harabar ta cika, wasu sun kwana a hanya daga ƙananan hukumomi masu nisa, rumfa ɗaya ce tak kuma kujerunta ba su ɗauki ko kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen ba. Na ga wani tsoho da 'ya'yansa biyu suka sauko da shi daga mota a kan tabarma, ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye, an kawo shi ne kawai don a gan shi a tabbatar yana numfashi. Na ga wata dattijuwa ta ɗora fayil ɗinta a ka tana kare rana da shi, takardun da ke ciki sun yi ja saboda tsufa. Wajen azahar aka ce na'ura ta tsaya, a dawo gobe. Da na ce masa, “Baba Malam, mu tafi gida ka huta, gobe mu yi sammako,” sai ya ce a'a, zai tsaya ya ga ko za a rubuta sunaye, don kada gobe a ce bai zo ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kiran sunayen yara kowace safiya, shi ne yake tsoron kada a tsallake nasa.

Na san hujjar da ake kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Akwai sunayen bogi a cikin jerin 'yan fansho, akwai mamatan da wasu ke ci gaba da karɓar kuɗinsu, kuma duk naira ɗaya da ta tafi can an cire ta ne daga bakin mai haƙƙi. Tantancewa wajibi ce. Sai dai wanda ke cusa sunan bogi a cikin ofis yake zaune, yana da damar taɓa kundin, kuma ba ya cikin masu shan rana a layi. Bai dace a ce hukuncin laifin da aka yi a kan teburi ya faɗa kan tsoho mai sanda ba. Hukumar da ke kula da 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari ta riga ta fito da hanyar da mutum zai tabbatar yana raye ta waya, ta hanyar ɗaukar hoton fuskarsa, kuma kusan kowane ɗan fansho yanzu yana da lambar shaidar ɗan ƙasa da ta banki. Wanda ba ya iya amfani da waya, ma'aikaci ɗaya da na'ura a hannu zai iya zagaya mazaɓa guda cikin 'yan kwanaki, mai unguwa da limami su shaide shi. In kuma dole sai an tara mutane, ga Disamba ga Janairu. Kiran masu shekara saba'in su yi layi a Sakkwato a watan Afrilu rashin tunani ne da ke iya zama sanadin rai.

Amma zan rage wa waɗannan dattawa daraja idan na tsaya a kan wahalarsu kaɗai, domin hirar da ake yi a kan tabarmar nan ta fi abin da ake koyarwa a azuzuwa da yawa. Bazara kanta tana jawo tarihi, saboda manyan al'amuran birnin nan da dama a cikinta suka faru. Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Turawan Ingila suka fuskanci jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a filin Giginya, bayan ganuwar birni. Tsohon akawun kotun nan, idan ya fara ba da labarin, sai ya bi shi daki-daki: yadda bindiga mai ruwan harsashi ta gama yaƙin cikin ɗan lokaci, yadda Sarkin Musulmi ya yi gabas da niyyar hijira jama'a suna ta bin sa har aka kashe shi a Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara, da yadda Waziri Buhari ya zauna da waɗanda suka rage ya ɗauki nauyin sulhu don kada garin ya watse. Sai gardama ta tashi a kan wane ne ya fi gaskiya tsakanin wanda ya tafi da wanda ya zauna, kuma gardama ce ta masu sani, kowa yana kawo abin da ya ji daga kakansa. Yara da yawa a yau sun san Giginya a matsayin sunan bariki ko filin wasa, ba su san abin da ya sa sunan ya yi nauyi ba.

A watan Afrilu na 1817 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a nan Sakkwato, shekara biyu kacal bayan ya taso daga Sifawa, a garin da ɗansa Muhammadu Bello ya kafa a 1809 a kan tudun da ke kallon mahaɗar kogin Rima da kogin Sakkwato. A watan Maris na 1824 Baturen Birtaniya mai yawon bincike, Kilafatan (Clapperton), ya iso wurin Bello, ya sake dawowa bayan shekara biyu, ciwo ya kama shi ya mutu a nan cikin Afrilu na 1827, kuma direban majalisar ya kan ce ko Bature bai iya da bazarar Sakkwato ba. Shi wannan direba yana iya jero ƙofofin birni takwas ba tare da ya yi tuntuɓe ba, Ƙofar Kware da ta Rini da ta Marke da ta Taramniya da ta Atiku da ta Aliyu Joɗi da ta Kaɗe da ta Dundaye, ya kuma gaya maka inda kowace hanya take kaiwa da irin kayan da ake shigowa da su ta cikinta. Ya ga lokacin da Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, ya ga an cire Neja a 1976, Kebbi a 1991, Zamfara a 1996, kuma ya san abokan aikin da kowace rabuwa ta tafi da su.

Tsohon malamin gonan kuwa lissafin taurari ne nasa. Ya kan bayyana yadda manoma da malamai ke raba shekara zuwa taurari 28, kowane da kwana 13 in ban da ɗaya mai kwana 14, da yadda Kaza da 'ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, take ɓacewa a yamma wajen farkon Mayu ta sake fitowa a gabas da asuba cikin Yuni, lokacin da ake sa ran ruwa ya zauna. Da wannan lissafi yake yanke shawarar yaushe zai kai taki gonarsa, yaushe kuma zai yi binne. Shi ne ya nuna mini abin da ya sa gawo ya bambanta da sauran itatuwa, wato yana yin ganye da rani ya zubar da shi da damina, don haka yana ba dabba inuwa da abinci lokacin da babu, kuma ba ya tare wa gero rana lokacin da yake buƙatarta. Dogon yaron da suke zaune a ƙarƙashinsa kuwa baƙo ne, asalinsa Indiya, a zamanin Turawa aka shigo da shi. Har azumi suna da lissafinsa. Da yake shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana goma sha ɗaya, watan Ramadan yana zagaye dukan yanayin shekara cikin shekara 33. Wanda ya kama aiki a 1988, shekarar da Sarkin Musulmi Abubakar na uku ya rasu bayan shekara 50 a kan gado, ya yi azuminsa na farko a bakin aiki daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, kuma da ya cika shekara 35 a 2023 azumi ya sake samunsa a cikin bazara, wannan karon da jikin tsufa.

Tarihin garin nan da kansa yana ƙaryata tunanin cewa amfanin mutum yana ƙarewa a shekara 60. Wannan iyaka da aikin gwamnati ta zo, kuma tana da dalilinta, domin dole a ba na baya wuri. Amma magabatanmu sun bambanta ajiye mulki da ajiye amfani. Bayan an ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, Shehu ya damƙa tafiyar da ƙasa a hannun ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Bello, shi kuma ya zauna a Sifawa yana karantarwa yana rubutu. Nana Asma'u, da ta tsara karatun mata na 'yan taru, manyan mata ta zaɓa ta naɗa su jaji, waɗanda suka manyanta har suna iya tafiya daga ƙauye zuwa birni su ɗauki karatu su koma su koyar, wato shekarunsu su ne suka ba su cancanta. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997 yana da shekara casa'in da 'yan kai, har ƙarshen rayuwarsa masu bincike daga ciki da wajen ƙasar nan suna zuwa zaurensa neman sani, kuma ga cibiyar tarihi mai ɗauke da sunansa a cikin gari. Gwamnatin tarayya ma ta fara gane haka, tun da dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malaman makaranta zuwa 65, ko shekara 40 ta aiki.

Saboda haka ina ganin asara ce babba a ce makarantunmu suna kukan ƙarancin malamai, ga kuma ƙwararrun malamai suna bin inuwa da tabarma a bayan katangar makarantar. An cire darasin tarihi daga ƙananan makarantu fiye da shekara goma kafin gwamnatin tarayya ta sanar da maido da shi a 2022, kuma waɗanda za su koyar da shi yanzu da yawansu ba a koya musu ba. Mene ne zai hana kowace makaranta ta gayyaci tsofaffin ma'aikatan unguwarta sau ɗaya a mako, da sanyin safiya, a ba su ɗan alawus na mutunci, su zauna da yara da sababbin malamai? Mene ne zai hana ɗaliban tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ke nan tun 1975, su riƙa ɗaukar muryoyin waɗannan mutane a matsayin aikin karatu, a ajiye a cibiyar Waziri Junaidu? Labarin yadda aka yi aikin En'e, da yadda aka buɗe makarantun ƙauye lokacin ilmin firamare kyauta na 1976, da yadda aka sha farin 1973 da na 1984, yana cikin kawunan mutanen da kowace bazara ke rage adadinsu.

Wasu za su ce kula da tsoho aikin 'ya'yansa ne, haka addini da al'ada suka koyar. Gaskiya ne, kuma ba na son ranar da za ta zo mu miƙa iyayenmu ga hukuma. Amma biyayyar ɗa ba ta sauke bashi daga wuyan wanda ya ci shi, kuma wanda ya san gidajen nan ya san cewa sau da yawa lamarin a juye yake: fanshon tsohon ne ke ciyar da ɗan da ya gama jami'a bai sami aiki ba, da 'yar da aurenta ya mutu ta dawo da yara, da dangin da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan gabashin jihar. Idan kuɗin ya makara mako biyu, gida guda ne ke shiga bashi. Wasu kuma za su ce babu kuɗi, alhali tun bayan cire tallafin fetur kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. Magana ce ta abin da aka sa a gaba.

Abin da nake nema a yi ba ya buƙatar sabuwar doka. A riƙa biyan fansho rana ɗaya da albashi, a kuma yi masa ƙari duk lokacin da aka yi wa albashi kamar yadda sashe na 210 ya tanada. A buga jerin masu jiran kuɗin sallama bisa shekarar da kowa ya bar aiki, a manna shi inda kowa zai gani, don mutum ya san matsayinsa ba sai ya nemi wanda ya san wani ba, kuma a tsara fitar da kaso mafi tsoka a watan Fabrairu, kafin zafi ya kankama, lokacin da kuɗin zai iya zama sola ko rijiya ko maganin wata uku. A sa 'yan fansho cikin tsarin inshorar lafiya na jiha ba tare da an ɗora musu wani sabon layi ba. Masu gyaran tituna kuma su daina sare dogon yaro da gawo ba tare da sun dasa madadinsu sun kuma shayar da su ba, domin dashen da aka yi bana sai ya yi shekaru kafin ya iya ɗaukar majalisa, kuma ma'aikatan da ke tsara waɗannan ayyuka a sakatariya yau su ne za su nemi wurin shimfiɗa tabarma nan da shekara goma.